Gawa a Shafi na Uku

A Valparaíso aka yanke mini cibi, can bisa tudu,
inda gidaje ke rataye kamar shanya,
kowanne na leƙen teku ta kafaɗar ɗan'uwansa.
Babana Belisario ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa,
yakan dawo yana warin kwalta da gishiri,
aljihu fayau, baki cike da labari.

Sai ya ce: "Yau mun sauke wani akwati,
abin da ke cikinsa yana numfashi."
Daga nan barci ya sace shi a kan kujera,
ya bar ni da akwatin a rufe har gari ya waye.
Na ja masa gemu, na yi kuka, a banza.

Ina shekara tara aka aike ni sayen kifi,
mai kifin ta naɗe shi da yagaggen shafi.
Na warware a hanya, ƙarni duk a yatsuna:
ga wata mata ta tsinci gawa a ɗakin karatu,
ƙofa a kulle ta ciki, taga ba ta buɗuwa.
Na juya bayan takardar, sai tallan sabulu.
Kwana uku abinci bai shiga cikina ba.
A na huɗu na ɗauki fensirin ƙanena,
na kamo mai kisan da hannuna.
Mai kawo madara na ɗora wa laifin,
don ya taɓa shurin karenmu.

Don Evaristo na da rumfa a gindin matakala,
yana ba da hayar littattafai masu arha,
bangonsu cike da dodanni da jiragen zuwa wata
da mutane masu doguwar kwat, hula ta rufe ido.
Malama Urrutia ta kama ni da ɗaya a aji,
ta ce wannan shara ce, ba adabi ba.
Da aka tashi na koma ɗaukar jakata,
na tarar da ita a shafi na sittin,
ta dafe ƙirji, shayinta ya huce.

Shekara talatin ina buga keken rubutu a ofishin kwastan,
da rana lissafin buhuna, da dare lissafin gawawwaki.
Na kashe mutum ɗari biyu, ban taɓa yanka kaza ba.
Daren da ƙasa ta girgiza, kwanuka na zubowa,
maƙwabta sun fito da bargo da jarirai,
ni na fito da babi na sha ɗaya a hammata.
Mijina Froilán ya dube ni cikin duhu,
ya ce: "Ismenia, ko takalmi ba ki sa ba."
Har ya koma ga Mahalicci yana yi mini tsiya da shi.

Littafi arba'in da ɗaya, gawa a shafi na uku,
ba wanda ya kira ni ya rataya mini lamba.
Amma wata nas ta rubuto daga Antofagasta,
ta ce ni na hana ta gyangyaɗi a aikin dare.
Wasiƙar na nan cikin gwangwanin biskit,
tare da yagaggen shafin nan, ƙarninsa ya daɗe da fita.

Yanzu ido ya gaza, haruffa sun zama tururuwa.
Jikata Fresia ke karanta mini da yamma,
ina katse ta: "Kar ki yarda da likitan nan."
Jiya ta rufe littafin, ta ce nawa take so.
Na ce: "Kakanki na can ya taɓa sauke wani akwati,
abin da ke cikinsa yana numfashi."
Ta matso har gwiwarta na taɓa tawa:
"Mene ne a ciki, Kaka?"

Na jingina da kujera, na lumshe ido,
ina jin ta tana jan hannun rigata.